Turancin Alkawari A Ofisoshin Sakkwato

Akwai wani irin Turanci wanda ba a cika koyarwa a makaranta ba, alhali kuwa shi ne ma'aikaci ya fi bukata tun ranar da ya kama aiki. Shi ne Turancin sa rana da sa lokaci, watau na kiran taro, da ɗaga shi, da tsara wanda zai yi aikin safe da wanda zai yi na dare. Yaro ya gama sakandare yana iya cika shafi uku da bayanin amfanin noma, amma in aka ce ya rubuta layi huɗu ya shaida wa wani kamfani na Ikko cewa shugabansa ba zai sami zuwa ran Talata ba sai Laraba, nan da nan sai gumi ya keto masa.

Sakkwato dai ba baƙuwar wasiƙa ba ce, ba kuwa yau ta fara ƙulla alkawari da baƙi ba. A cikin 1824 wani Baturen Ingila, Kyaftin Clapperton, ya iso birnin nan ya sauka a hannun Waziri Giɗaɗo, ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Suka shirya cewa manzannin Sarki za su sadu da Ingilishi a bakin teku, aka ambaci sunayen garuruwa biyu, Funda da Raka. Da Clapperton ya komo gaɓar teku a ƙarshen 1825 bai tarar da manzo ko ɗaya ba, mutanen wurin kuma ba su san waɗannan garuruwa ba, gama can cikin ƙasa suke, nesa da teku. An faɗi suna, amma kowane ɓangare da wurin da yake nufi a ransa. Sai da ya ratso ta ƙasa ya sake isowa Sakkwato, a nan kuwa ya mutu cikin 1827.

Bayan da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, sai Turanci ya shiga sha'anin mulki, amma ya shigo ne da tafinta a gabansa. Razdan ya faɗa, tafinta ya juya, magatakarda ya rubuta. Waɗanda suka iya harshen sosai 'yan kaɗan ne, irin su Sardauna Ahmadu Bello, wanda ya gama Kwalejin Katsina a 1931 ya zo ya koyar a Midil ta Sakkwato. Har a Majalisar Jihar Arewa a Kaduna, da Hausa da Turanci aka riƙa yin muhawara. To, sai birnin ya zama hedkwatar Jihar Arewa Maso Yamma a 1967, aka kafa jami'a a 1975, ga kamfanin siminti a Kalambaina, ga bankuna, ga asibitoci, ga ƙungiyoyin agaji na ƙasashen waje. Takardun dukan waɗannan da Turanci ake rubuta su, tafinta kuwa ya daɗe da barin ofis. Saƙo yakan faɗo cikin wayar hannu, kuma kowa shi ne tafintan kansa, daga babban sakatare har direba.

Mukan ji wasu suna cewa wai mutanenmu ba su san muhimmancin lokaci ba. Ba mu yarda da wannan magana ba. Mutumin da yake tashi kafin alfijir, ya kuma bar ciniki ya tafi sahu sau biyar kowace rana, ba za a koya masa kiyaye lokaci ba. Inda gizo ke saƙa shi ne, lissafin lokaci iri biyu ne, kuma ba a zaunar da mai koyo an nuna masa inda suka rabu ba.

Ga misali mafi girma. A wurinmu dare shi ne gaba da yini, domin rana tana kamawa daga faɗuwarta. Saboda haka daren Juma'a shi ne daren da Alhamis ta wuce ana jiran wayewar Juma'a. Bature kuwa daga ƙarfe 12 na dare yake soma ƙirga ranarsa, in ya ce "Friday night" yana nufin daren da ya biyo bayan yinin Juma'a, wanda mu muke kira daren Asabar. Ma'aikaciyar jinya ko mai gadi da aka rubuta wa aikin dare a takardar tsarin aiki, in ya juya kalmomin ɗaya bayan ɗaya, zai zo kwana guda kafin lokacinsa, daren da ake bukatarsa kuma a nemi mutum a rasa. A asibiti wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Haka kuma sha'anin sa'a. In muka ce "bayan Magariba" mun fahimci juna, amma Magariba a Sakkwato tana yi wajen ƙarfe shida da kwata a watan Nuwamba, a watan Yuli kuwa sai bayan ƙarfe bakwai. Wanda ke Ikko ko Landan ba zai gane ba sai an ba shi lamba. Lambar kuma tana bukatar wutsiyarta: "a.m." daga tsakar dare zuwa tsakar rana, "p.m." daga tsakar rana zuwa tsakar dare. Ƙarfe 12 daidai shi ne mai rikitarwa, har su masu harshen yakan ruɗa su, don haka gara a rubuta "noon" in tsakar rana ake nufi. In taron ta waya ne ko ta intanet, sai a tambaya agogon wace ƙasa. Makka tana gabanmu da awa biyu, Sin da awa bakwai. Landan kuwa daidai take da mu daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sauran watanni tana bayanmu da awa guda.

Kwanan wata ma da nasa tarko. A Nijeriya 3/4 yana nufin 3 ga Afrilu, a Amurka kuwa 4 ga Maris. Maganinsa mai sauƙi ne, a rubuta sunan watan da haruffa. Kada kuma a dogara da "next Friday", domin ko su Ingilishi sukan yi gardama a kan ko Juma'ar nan ce ko ta sama. A nan Hausa ta fi wadata, gama muna da gobe da jibi da gata da citta, Turanci kuwa daga gobe sai ya koma kewaye-kewaye.

Sa'an nan ga waɗansu 'yan kalmomi da suka ci mutane da yawa. In aka ce an yi "postpone" na taro, an ɗaga shi ke nan tun ba a zauna ba. In aka ce "adjourn", an zauna an tashi, za a koma. Amma wadda ta fi haɗari ita ce "brought forward". Bahaushe ya ji kalmar da ya sani da ma'anar gaba, sai ya ɗauka an tura taron gaba, alhali matso da shi kusa aka yi. Mai neman aiki da aka matso da ranar ganawarsa daga Alhamis zuwa Talata, in ya yi wannan fahimta, sai ya zo ya tarar an riga an ɗauki wani. Haka nan "by Friday" ba ran Juma'a ake nufi ba, nufinsa kada a wuce Juma'a, ɗan kwangila da ya kai takardunsa ran Litinin kuwa ya makara.

Akwai kuma batun ladabi, wanda muke gani shi ya fi wuyar koyo, domin ba a ƙamus yake ba. Tarbiyyarmu ta hana mu ce wa babba a'a ƙiri-ƙiri, sai mu ce "to, sai mun gani" ko "Allah ya kai mu", shi kuma ya san abin da muke nufi. Baƙo in ya ji haka sai ya rubuta a littafinsa cewa an amince. Turanci yana da nasa hanyoyin ƙi cikin mutunci. Mai cewa "I am afraid I cannot come" ba tsoro yake ji ba, haƙuri yake bayarwa, kuma al'adarsu ita ce nan take ya kawo wata rana a madadin wadda ya ƙi. Doguwar gaisuwar da muka saba buɗe wasiƙa da ita abin kirki ce a tsakaninmu, amma a wasiƙar ofis layi ɗaya ya isa, sai a shiga magana.

Duk abin da muka lissafa bai kai kalmomi hamsin ba, kuma ba ya bukatar a tura kowa kwas Kaduna ko Abuja. Shawararmu ga shugabannin ma'aikatu da kamfanoni na Sakkwato ita ce su ware awa guda kowane mako, wani tsohon akawu ko sakatare ya zauna da sababbin ma'aikata, har da masinjoji da direbobi, gama su ne suke kai saƙo da ɗauko baƙi daga filin jirgin sama na Sarkin Musulmi Abubakar III. A koyar da takardun ofis ɗin kansa, ba da littafin da aka rubuta don mutanen wata ƙasa ba. A kuma kafa doka cewa duk wanda aka sa wa alkawari ya mayar da amsa a rubuce da abu huɗu: sunan rana, da kwanan wata, da ƙarfe nawa, da wurin da za a sadu. Takardar tsarin aikin dare kuwa a rubuta ta da harsuna biyu, a manna a ƙofar ofis tun ran Alhamis.