Yadda ƙoda ke kawar da allurar intaferon, da dalilin gwada ta kafin a yi wa mai ciwon hanta magani

Binciken ƙasa da aka gudanar a Najeriya a 2018 ya nuna cewa kashi 8.1 cikin ɗari na ’yan shekara 15 zuwa 64 na ɗauke da ciwon hanta nau’in B. Daga cikin magungunan wannan cuta akwai allurar intaferon, wadda amfaninta da haɗarinta duka suka rataya a kan lafiyar ƙoda.

Intaferon sinadarin furotin ne da jiki ke sarrafawa da kansa idan ƙwayar bairos ta shige shi, domin ya faɗakar da garkuwar jiki. Masana biyu, Alick Isaacs da Jean Lindenmann, suka gano shi a Landan a 1957, daga baya aka riƙa haɗa shi a matsayin magani.

Kowace ƙoda na ɗauke da ƙananan matatai kusan miliyan ɗaya, kuma ƙodojin biyu na tace kimanin lita 180 na ruwan jini a kullum. Saboda ƙanƙantarsa, intaferon kan ratsa waɗannan matatai cikin sauƙi. Daga nan sai siraran bututun da ke biye da matatan su tsotse shi, su daddatsa shi. Abin da ke fita cikin fitsari da siffarsa ta asali kaɗan ne ƙwarai. Ke nan a cikin ƙoda ake rushe mafi yawansa, kuma cikin ’yan sa’o’i rabinsa ya bar jini. Shi ya sa ake yin allurar farko sau uku a mako.

Don rage wannan saurin, masana suka ɗaura wa maganin wani dogon sinadari da ya ƙara masa girma har ratsa matatan ya yi masa wuya. Samfurin Pegasys, alal misali, yana daɗewa a jini na kwanaki, don haka sau ɗaya ake yin sa a mako. Ga mai ciwon hanta nau’in B, ƙa’idar ita ce maikurogiram 180 duk mako har tsawon mako 48.

Idan ƙoda ta raunana, maganin kan taru a jini, illolinsa su tsananta: zazzaɓi, kasala, ƙuncin rai da raguwar ƙwayoyin jini. Saboda haka ake rage adadin zuwa maikurogiram 135 ga wanda ƙodarsa ta yi rauni sosai ko yake wankin ƙoda. Wanda aka yi wa dashen ƙoda kuwa, akasari ana kauce masa da allurar, domin tana iya zuga jiki ya ƙi sabuwar ƙodar.

A yau ƙwayoyin sha sun karɓe mafi yawan aikin intaferon. Sai dai tenofobir, wanda aka fi bayarwa ga nau’in B, shi ma ta ƙoda yake fita, kuma yana iya taɓa ta idan aka daɗe ana sha ba tare da bibiya ba.

Matsalar ita ce ciwon ƙoda kan yi nisa kafin ya nuna alama. Manomin rake a Makarfi ko mai lambu a Hunkuyi da ke wuni cikin rana, yana kashe ciwon jiki da ƙwayoyi irin su dikulofenak, zai iya samun rauni a ƙoda bai sani ba. Hawan jini da ciwon suga ma haka suke yi mata a ɓoye. Gwajin kiriyatinin a jini, haɗe da na fitsari, shi ke bayyana ƙarfin tacewarta, kuma da shi likita ke ƙayyade adadin magani.

Ƙwararrun likitocin hanta da ƙoda mafi kusa da mutanen Kudan, Makarfi da Ikara suna Asibitin Koyarwa na Jami’ar Ahmadu Bello da ke Shika. Amma mara lafiyar da ke buƙatar gwaji a kai a kai ba zai jure kuɗin mota duk lokaci ba. A nan matasa ke da tambayoyin da za su yi wa shugabannin ƙananan hukumomi da ’yan majalisar jiha: wane asibiti a yankin ke yin gwajin kiriyatinin, nawa ake biya, kuma nawa kasafin lafiya ya ware wa ɗakunan gwaji?