Farfaɗiya da jinin al'ada: ƙirga kwanakinki kafin ki ga likita

Ƴar'uwa, idan kina fama da farfaɗiya kuma kin lura ta fi kayar da ke gab da zuwan jinin al'ada, ki sani likitoci sun san wannan yanayi. Jikin mace yana sarrafa sinadarai biyu da ke hawa da sauka a kowane wata. Istirojin yana zaburar da jijiyoyin ƙwaƙwalwa, furojestaron kuwa yana kwantar da su. Ana gab da haila sai furojestaron ya sauka kwatsam, ƙwaƙwalwa ta rasa wannan kariya.

Wannan ne ya sa masu bincike a Amurka, ƙarƙashin jagorancin likita Andrew Herzog, suka gwada ba mata 294 furojestaron ko ƙwaya marar magani, domin a kwatanta. Sakamakon da aka fitar a 2012 ya nuna cewa, idan aka haɗa matan duka, babu wani bambanci na a-zo-a-gani. Amma waɗanda faɗuwarsu ke ninkawa sau uku ko fiye a kwanakin haila sun fi samun sauƙi. Ke nan maganin ba na kowace mace ba ne, kuma ƙirgar kwanaki ce ke nuna wadda zai iya yi wa amfani.

Don haka ki sami takarda, ko ki sa wani amintacce ya rubuta miki ranar da jini ya zo da kowace ranar da kika faɗi, har tsawon wata uku, sannan ki kai wa likita. Kada ki sayi ƙwayoyin sinadari a kasuwa, kada kuma ki daina maganinki da kanki.

Akwai ɓangaren abinci. Fenobarbital da karbamazefin suna rage sinadarin folik asid a jiki, suna kuma raunana ƙwayoyin tazarar haihuwa da ashanar hannu. Balfurowet kuwa yana iya cutar da ɗan tayi. Idan kina son ɗaukar ciki, ki sanar da likita tun kafin ya shiga, domin ya duba maganinki ya kuma ba ki folik asid. Ki yawaita cin zogala, wake da alayyaho, ki ci abinci a kan lokaci, ki sami isasshen barci.

Farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ce, ba a ɗaukarta ta yawu ko ta cin abinci a ƙwarya ɗaya. Kada a ware ki, kada kuma ki ware kanki.