Wane faifai za a kwafa, wane za a bari? Shawarar da ke ceton bayanan ma'aikata

Ranar da gobara ko ambaliya ko wata babbar matsalar lantarki ta tsayar da cibiyar adana bayanai, tambayar shugaban ma'aikata ɗaya ce: yaushe aiki zai dawo? Amsar kuwa ta dogara ne kan shawarar da injiniyoyi suka yanke tun da daɗewa, lokacin da suka zaɓi faifan da za a riƙa kwafa zuwa cibiya ta biyu.

A yau ayyukan ofis da dama suna gudana ne a kan kwamfutocin da ba su da gangar jiki, waɗanda manhaja ke ƙirƙira a cikin uwar garke guda. Kowacce tana da faifan ajiya ɗaya ko fiye. Manhajoji irin su vSphere Replication na VMware da Hyper-V Replica na Microsoft suna aika duk sauyin da aka samu a faifan zuwa wani wuri mai nisa, kuma dukkansu suna ba da damar ware wasu faifai daga kwafin. A Hyper-V ana zaɓar aikawa duk daƙiƙa 30, ko minti 5, ko minti 15.

Me ya hana a kwafi komai? Layin sadarwa yana da iyaka. Layi mai saurin megabit 100 a daƙiƙa ba ya ɗaukar fiye da gigabayit 45 a awa, wato kwafin farko na terabayit ɗaya zai ci kusan awa 22 ko da babu mai amfani da layin. Idan tarkace ya cushe hanya, muhimman bayanai ne za su makara.

Dole a kwafi faifan da ke ɗauke da babbar manhajar kwamfutar, da na rumbun bayanai, da na kundin da rumbun ke rubuta kowace mu'amala. Na biyun da na ukun tare suke tafiya. Idan ɗaya ya riga ɗaya, rumbun kan ƙi buɗewa a can.

Waɗanda ake iya bari su ne masu yawan sauyawa amma marasa amfani bayan an sake kunna na'ura. Misali shi ne fayil ɗin da Windows ke jibge abin da ya yi wa ƙwaƙwalwa yawa, da rumbun wucin gadi na SQL Server mai suna tempdb, wanda ake gina shi sabo duk lokacin da manhajar ta tashi. Sai dai ana ware faifai ne gaba ɗayansa, don haka tun farko ya kamata a ba irin waɗannan fayiloli nasu faifan daban.

A nan kuma akwai tarko. Idan aka ware faifan tempdb ba tare da an tanadi wani faifai fanko mai harafi iri ɗaya a cibiya ta biyu ba, SQL Server ba zai tashi ba. Haka kuma kwafi ba ya maye gurbin ajiyar baya: abin da aka goge bisa kuskure, ko wanda masu kutse suka kulle don neman fansa, shi ma zai bi layi ya isa can.

Wannan ba lamarin injiniyoyi kaɗai ba ne. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa masu riƙe da bayanan jama'a alhakin kare su daga ɓacewa ko lalacewa. Saboda haka ya dace darakta ko mai taimaka masa ya nemi amsa a rubuce: wane faifai aka ware, bisa wane dalili, aikin minti nawa ma'aikata za ta iya jure asararsa, kuma yaushe aka yi gwajin komawa cibiya ta biyu na ƙarshe? Hyper-V Replica yana ba da damar yin gwajin ba tare da an dakatar da aiki ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.