Hanya da Gandun Daji a Ƙasar Sakkwato

Wanda ya tsaya a Ƙofar Taramniya ya ga mota maƙare da itacen girki tana shigowa birni, ya ga aikin hanya a jikin daji.

A dā wuyar shiga ita ce katangar daji. Cikin shekara ta 1853 Bature matafiyi Barth ya ratsa Dajin Gundumi, gabas da Sakkwato, dare da rana ba zango, saboda rashin ruwa da tsoron mahara. Da aka kafa Dokar Daji ta 1916, aka shiga keɓe gandaye a Arewa, sai tsaronsu ya koma hannun En'e. Malamin daji da ƙafa ko bisa doki yake zaga gandu, yana share iyaka domin tare gobara, yana kama mai sara ba izini.

Hanyar mota ta sauƙaƙa masa aiki, amma fa hanya ba ta zaɓen mai binta. Inda ta kai malami guda, nan take kai gatari ɗari.

Wannan gardama har Amurka ta kai. A 2001 aka hana yanka sababbin hanyoyi cikin dajin gwamnati na wajen eka miliyan 58, a 2025 kuma hukuma ta bayyana niyyar soke hanin, wai domin a iya kai wa gobara ɗauki.

Don haka, kafin a yanka hanya cikin gandu, wajibi ne a fara tanadin masu tsaronta.