Daren da Macijiya Ta Zo Yashe

Shirinmu na yau na finafinan ban tsoro ne, don haka wanda ke kwance shi kaɗai a ɗaki ya kunna fitila tun yanzu, kada ya ce ban faɗa masa ba.

Bari mu fara daga Yashe ta ƙaramar hukumar Kusada, mararrabar da hanyar Funtuwa ke haɗuwa da babban titin Kano zuwa Katsina. Garin da mota ba ta yanke masa, duk abin da ya fito sabo direba zai kawo shi, kuma ta haka kaset ɗin bidiyo ya iso mana. Mu ba mu da Plaza ko Eldorado ko Marhaba irin na Kanawa. Silimarmu wani zaure ne da aka yi wa labule da buhu, talabijin a kan tebur, janareta na kuka a bayan katanga, manya a benci, mu yara a ƙasa kan tabarma.

A nan na fara ganin Nagin, fim ɗin Indiya na 1976 wanda Reena Roy ta fito a matsayin macijiya. Mu dai fim ɗin macijiya kawai muke ce masa. An harbe mata miji, sai ta leƙa cikin idon gawarsa ta ga hoton waɗanda suka yi aikin, ta rikiɗe ta zama mace kyakkyawa, ta riƙa binsu ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ke jin Indiyanci a zauren, amma ba wanda ya nemi a fassara masa. Da aka tashi, wallahi igiyar guga na gani a bakin rijiya na kwasa a guje, sai da na zubar da takalmi ɗaya. Da safe kuma na sha bulala biyu, ta yawon dare da ta takalmin.

Me ya sa macijiyar nan ta kama mu haka? Domin mun riga mun san ta. Yaron da ya tashi yana jin tatsuniyar dodo, yana jin kada ka zuba ruwan zafi a ƙasa ba bismilla, kada ka zauna gindin tsamiya da magariba, ba sai an koya masa cewa maciji na iya zama mutum ba. Shekara goma bayan Nagin sai ga Nagina a 1986, inda Amrish Puri ke busa sarewar masu wasa da maciji, Sridevi na birgima tana fasa kai kamar kumurci. Ga kuma 'yan gidan Ramsay, 'yan'uwan da suka mai da ban tsoro sana'ar gado, da Purana Mandir na 1984 da Veerana na 1988. Kuɗi kaɗan suke kashewa, fuskar dodon ma kana ganin roba ce, amma har yau akwai masu neman su ruwa a jallo.

Na Turawa kuwa ba duka ne suka ci kasuwa a nan ba. Mai shan jini sanye da kwat a tsohon gidan sarauta bai cika tayar mana da hankali ba. Wanda ya shiga jiki shi ne Evil Dead na Sam Raimi, na 1981: ɗalibai biyar a wata bukka cikin daji, sun kunna rikoda ta karanto abin da bai kamata a karanta ba, iskokai suka hau su. Wannan kam mun gane, ai hawan iska ne, sai dai babu malamin ruƙiyya a kusa.

Daga Kudu kuma a 1992 aka saki Living in Bondage da harshen Ibo, wanda Kenneth Nnebue ya ɗauki nauyi. Andy ya ba da matarsa Merit ga ƙungiyar asiri don ya yi kuɗi, fatalwarta ta hana shi sakat. Daga nan duk wanda ya yi kuɗin dare ɗaya, sai ka ji ana raɗa a majalisa, anya ba ɗan shan jini ba ne?

Yau zauren nan babu shi. Yaro zai kai wayarsa wurin masu tura finafinai a tasha, a loda masa fassarar Algaita, ya kalla a ƙarƙashin bargo, aljanin Indiya na magana da Hausar Kano. Ni dai a ganina an rage wa abin armashi, domin rabin daɗin tsoro shi ne ihun na kusa da kai.

Amma akwai abin da ya fi wannan canzawa. Mu a da kuɗi muke biya mu sayi tsoro, janareta na mutuwa ya ƙare. Yaron ƙauyukan Katsina na yanzu ba ya buƙatar kaset. Ranar 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, sai bayan kusan mako guda aka sako su. Kwanakin baya na tambayi wani ɗan ƙanena abin da ya fi tsoro da dare. Bai ce fatalwa ba, bai ce mayya ba. Cewa ya yi, Baba, ƙarar babura da yawa a lokaci guda. Na rasa abin da zan ce masa. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa.

To jama'ar Yashe, da Kankiya, da Kusada, da Gidan Mutum Ɗaya, layukanmu a buɗe suke. Duk wanda ya kalli macijiya a zamanin kaset, ya kira ya gaya mana gaskiya tsakaninsa da Allah: wa ya raka shi gida a daren?