Ɓoyayyar Gaɓa: Nazarin Dabarun Shawo Kai a Maganar Hausa

Tsakure

Manazarta adabin Hausa sun daɗe suna feɗe zance ta fuskar salo, suna zaƙulo kamantawa da siffantawa da kambamawa da sauran adon harshe. Sai dai wannan hanya ba ta cika bayyana dalilin da ya sa wata magana ke sauya ra'ayin mai sauraro ba, alhali wata da ta fi ta ado ta faɗi ƙasa banza. Wannan maƙala ta waiwayi ginshiƙai uku na shawo kai da Aristotal ya shimfiɗa, ta gwada su da ilimin balaga da al'adar Bahaushe, sannan ta nuna cewa ƙarfin zance yakan kwanta ne a cikin gaɓar da mai magana bai furta ba, wadda ya bar wa mai sauraro ya cike da kansa.

1.0 Gabatarwa

Ayyukan masana irin su Abdulƙadir Ɗangambo da Sa'idu Muhammad Gusau da Abdullahi Bayero Yahya sun samar wa ɗalibin Hausa ma'aunan tantance salo a waƙar baka da rubutacciya. Nazarin shawo kai yana ɗorawa ne a kan wannan harsashi, amma tambayarsa daban ce. Mai nazarin salo yana neman yadda aka ƙawata magana. Mai nazarin shawo kai kuwa yana bin diddigin yadda maganar ta sa wani ya yarda, ko ya fasa, ko ya aikata. Wa'azi da jawabin siyasa da talla da sasanci duk suna cikin wannan fage, kuma abin da ke biyo bayansu yakan shafi aure da dukiya da ƙuri'a, wani lokaci har da rai.

2.0 Ginshiƙai Uku da Tushensu

Aristotal, masanin falsafar Girka da ya rayu daga shekara ta 384 zuwa 322 kafin haihuwar Annabi Isa, ya rubuta littafi mai juzu'i uku a kan fasahar huɗuba. A ciki ya kasa hanyoyin gamsar da mai sauraro gida uku: itos, wato mutuncin mai magana, fatos, wato sosa zuciyar mai sauraro, da logos, wato hujjar da ke cikin maganar kanta. An fassara littafin zuwa Larabci tun da wuri, kuma Alfarabi da Ibn Sina da Ibn Rushd duk sun yi rubutu a kansa.

A ƙasar Hausa, hanyar da ta fi shahara wajen nazarin ƙarfin zance ita ce balaga, mai rassa uku: ma'ani da bayani da badi'i. Sakkaki, wanda ya rasu a 1229, da Ƙazwini, wanda ya rasu a 1338, su ne suka daidaita tsarin da makarantun zaure suka gada. Malaman balaga suna auna magana da gwargwadon dacewarta da halin da ake ciki. Sun kuma raba masu sauraro kashi uku: wanda bai san komai game da batun ba, da mai kokwanto, da mai musu. Na farko labari tsurarsa ya ishe shi, na biyu yana bukatar ƙarfafawa, na uku kuwa sai an ninka masa ita. Hausa tana yin wannan aiki a sauƙaƙe: "Audu ya dawo", "Lalle Audu ya dawo", "Wallahi Audu fa ya dawo". Saƙon ɗaya ne, amma kowace jimla tana tona irin mai sauraron da aka nufa da ita.

3.0 Hujja Mai Ɓoyayyar Gaɓa

Cikakkiyar hujja ta manɗiƙi tana da gaɓoɓi uku: babbar ƙa'ida, da ƙaramin bayani, da sakamako. A zancen yau da kullum ba a cika kawo su duka ba. Idan uwa ta ce wa ɗanta, "Kada ka ba shi ajiya, ɗan caca ne", ta furta sakamako da ƙaramin bayani, ta bar babbar ƙa'idar, wato ba a ba ɗan caca amana. Aristotal ya ɗauki irin wannan gajeriyar hujja a matsayin ƙashin bayan huɗuba. Masu falsafa na Larabci sun kira ta damir, abin da aka ɓoye a zuci, kalmar da Hausa ta ara ta zama lamiri. A 1958 Stephen Toulmin ya sake fito da batun, inda ya nuna cewa tsakanin kowace da'awa da dalilinta akwai wata gada da galibi ba a ambata.

Asirin wannan dabara shi ne mai sauraro da kansa yake kawo gaɓar da ta ɓace. Da zarar ya kawo ta, ya zama abokin ginin hujjar, kuma da wuya mutum ya rushe abin da ya sa hannu aka gina.

Karin magana rumbu ne na irin waɗannan gaɓoɓi. Dattijon da ya ce wa mai shirin ramuwa "komai nisan jifa ƙasa zai faɗo" ya ɗauko ƙa'idar da jama'a suka riga suka amince da ita, ya bar wa saurayin ya ɗora ta a kan lamarinsa. Wanda zai musa, to da kaka da kakanni zai yi jayayya. Amma ya kamata manazarci ya lura cewa rumbun yana ɗauke da kaya masu karo da juna. Mai son a jinkirta zai ce "gaggawa aikin Shaiɗan", mai son a hanzarta ya ce "a bari ya huce shi ke kawo rabon wani". Saboda haka karin magana ba ya tabbatar da gaskiyar da'awa. Zaɓen da aka yi masa ne ke nuna inda mai magana yake son ya karkata akalar mai sauraro.

Ƙananan kalmomi ma suna wannan aiki. "Ai" tana gabatar da zance tamkar abin da kowa ya sani, har mai musu ya ji kamar shi kaɗai aka bari a baya. "Dai" tana taƙaita zaɓi, "fa" tana jan kunne, "ma" kuwa tana shigo da wani zato ta bayan gida: wanda ya ce "shi ma ya yarda" ya nuna akwai waɗanda suka riga shi, ko da bai ambaci kowa ba.

4.0 Mutunci da Sosa Zuciya

Aristotal ya ga cewa ana gaskata mai magana idan ya nuna basira da nagarta da son alheri ga masu sauraro, kuma ya fi son wannan yarda ta tsiro daga cikin jawabin kansa. Isokiratis, wanda ya yi zamani da shi, ya fi jingina ta ga rayuwar mutum da sunan da ya yi. Bahaushe ya fi kusa da ra'ayi na biyu. Siffofin mutumin kirki da Kirk-Greene ya tattara a 1974, irin su gaskiya da amana da haƙuri da kunya da mutunci da adalci, duk abubuwa ne da ake tarawa tun kafin a buɗe baki.

Wannan ne ya sa ake aron mutunci. Mijin da matarsa ta yi yaji yakan tura dattawa biko, mai neman aure yakan tura iyaye, mai ciniki yakan nemi dillali. Maganar da za su faɗa shi ma zai iya faɗarta, amma nauyinta ya dogara ga bakin da ta fito. Ɓoyayyar gaɓar a nan ita ce: irin wannan mutum ba ya taka ƙafarsa a kan ƙarya, kuma ba a mayar da shi hannu rabbana.

Ta fuskar sosa zuciya, Aristotal ya shawarci mai nazari ya tambayi abu uku game da kowane motsin rai: halin da mai jin sa yake ciki, da wanda ake jin sa a kansa, da abin da ke tayar da shi. A Hausa kunya da zumunci da tsoron Allah suna kan gaba. "Ka dubi girman iyayenka" da "don zumunci" kira ne ga abin da mutum ba zai so a ce ya rasa ba. Kirari da zuga suna bin wannan hanya: maroƙi yakan siffanta mutum da kyauta a bainar jama'a, sai ya zama rowa ta fi kyautar tsada. M. G. Smith ya yi bayanin wannan aiki na roƙo a zamantakewar Hausawa tun a 1957.

5.0 Misali: Taƙaddamar Rigakafin Shan Inna

A 2003 wasu jihohin Arewacin Nijeriya suka dakatar da rigakafin shan inna, bayan jita-jitar cewa an gurɓata maganin da sinadarin hana haihuwa da ƙwayar cutar ƙanjamau. Jihar Kano ce ta fi daɗewa a kan wannan matsayi, har zuwa watan Yuli na 2004. A shekarun da suka biyo baya ƙwayar cutar ta sake ɓulla a ƙasashe kimanin 20 da a da suka rabu da ita, yara da dama suka nakasa.

Jami'an lafiya sun zo da hujja: an gwada maganin, an same shi lafiya, kuma rigakafi ya fi magani. Gaɓar da suka bari a ɓoye ita ce sakamakon ɗakin gwaji abin dogaro ne, ko wane ne ya yi gwajin. Iyaye da yawa ba su cike musu wannan gurbi ba, domin suna riƙe da tasu gaɓar: banza ba ta kai zomo kasuwa. Suna ganin ana bin su gida-gida da magani kyauta, alhali idan zazzaɓin cizon sauro ya kama yaro sai sun biya a asibiti. Ga kuma abin da ya faru a Kano a 1996, lokacin annobar sanƙarau, inda kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara 200, goma sha ɗaya daga cikinsu suka rasu. Kamfanin ya musanta cewa maganinsa ne sanadi, amma wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu. Hatta sunan cutar yana ɗauke da nasa zato, domin "shan inna" yana danganta ta ga iska, kuma wanda ya yarda aikin iska ne ba zai ga amfanin ɗigon magani ba.

Maimaita alƙaluma bai warware kullin ba. Ya fara warwarewa ne da aka sauya tushen yarda: Kano ta amince da maganin da aka samo daga Indonesiya, ƙasar da Musulmi suka fi yawa, kuma gwamnan jihar na lokacin, Malam Ibrahim Shekarau, ya fito fili ya goyi bayan ci gaba da rigakafin. Daga 2009 sarakunan Arewa, a ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, suka shiga aikin wayar da kai a tsare. Hujjar kimiyya tana nan yadda take. Bakin da ke ɗauke da ita ne ya canja, aka kuma mayar da ji ya zama gani. A watan Agusta na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da yankin Afirka ya rabu da ƙwayar cutar ta asali.

6.0 Kammalawa

Rarraba jimloli zuwa mutunci da sosa zuciya da hujja mataki ne na farko kawai, domin sau da yawa jimla guda tana ɗauke da dukkansu. Nazarin zai fi amfani idan manazarci ya tantance wanda ake yi wa magana da matsayinsa tsakanin rashin sani da kokwanto da musu, sannan ya rubuta a fili gaɓar da aka ɓoye, ya gano rumbun da aka ɗebo ta, ko karin magana ne, ko nassi, ko tarihi, ko tsoro. Daga nan sai ya auna ta: shin za ta tsaya da ƙafarta idan aka furta ta ƙarara? A wannan mataki ne ake bambance lallashi na gaskiya da yaudara. Mai gaskiya ba ya asarar komai idan aka bayyana abin da ya bari a zuci. Mayaudari kuwa, da zarar an faɗi gaɓar tasa da babbar murya, jama'a sukan ga ashe ba su taɓa yarda da ita ba.