Garin da Yashi Ya Cinye Amma Wakilansa Suna Majalisa

A ƙasar Ailan, wadda ke yamma da Ingila, an yi wani ɗan gari a bakin teku, sunansa Bannow, cikin lardin Wexford. A gaɓarsa ne mayaƙan Norman suka fara sauka a shekara ta 1169. Garin ya bunƙasa, jiragen ruwa suna zuwa da haja, fatake suna saye suna sayarwa, har aka ba shi ikon aika wakilai 2 zuwa majalisar ƙasar a Dublin, mai kujeru 300.

Sannu a hankali yashi ya toshe mashigin jiragen, ciniki ya mutu, mutane suka watse. Iska ta yi ta kwaso rairayi tana binne gidaje, har ba abin da ya saura sai kangon coci da wani bututun hayaƙi. An ce a jikin bututun nan ake liƙa takardar shelar zaɓe, alhali kuwa ba mai karanta ta sai tsuntsaye. Duk da haka kujerun nan biyu ba su faɗi ba. Suka zama mallakar gidan Loftus. Wanda maigidan ya so shi ne wakili, watau wakilin kufai.

Abin takaici, a wannan zamani mafi yawan mutanen Ailan, mabiya ɗariƙar Katolika, an hana su zama a majalisa, ko ƙuri'a ma ba su samu ba tun daga 1728 har 1793.

Da gwamnatin Landan ta ƙudurta haɗe majalisun biyu, ba ta sami yadda take so ba a 1799. Sai ta shiga rabon sarautu da alkawura, a 1800 majalisar Dublin ta yarda ta rushe kanta. Aka soke wakilcin garuruwa 84, Bannow na ciki, aka biya diyyar fam 15,000 a kan kowane gari, jimla fam 1,260,000. Ba mazauna aka biya ba, iyayen gijin kujerun aka biya, kamar yadda ake biyan mai rumfa in za a rushe kasuwa. Charles Loftus ya karɓi fam 45,000 saboda kujeru 6, kana aka ɗaga darajarsa zuwa Marquess na Ely. Daga 1 ga Janairu 1801 Ailan ta koma aika wakilai 100 zuwa Landan.